Tsohon teburin sinuka: a sayi dutse, ado ya biyo baya

Cikin kayan gwanjon da ke shigo mana daga Turai da Amurka, tsakanin firij da talabijin da kujerun falo, wani lokaci akan ci karo da wani ƙaton tebur mai rami shida da koren yadi wanda ya koɗe. Wani teburin kuma ba daga jirgin ruwa ya fito ba, otel ne ya canza kaya, ko wani Bature ya gama aikinsa a Yamai ya sayar da kayan gida kafin ya tashi. Wani mai saye yakan tsaya ya ga yadi a yage, katako duk tabo, ya ce wannan ai sai murhu, ya wuce. Wani kuma ƙyallin fenti ya ruɗe shi, ya zuba jarinsa a kan abin da damina ɗaya za ta gama da shi. Dukansu biyu sun yi asara, domin babu wanda ya duba wurin da darajar teburin take.

Wannan shi ne teburin wasan da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sinuka. Masu jin Faransanci kuma suna ce masa "biyar", kamar biyar ta ƙidaya, ko da yake babu abin da ya haɗa su. Akwai magidanta da ke sayensa domin samarin gida su zauna a gida maimakon yawon dare, akwai kuma alhazai da hajiyoyi da ke ajiye shi a rumfa ana biyan kuɗin kowane wasa. Sabo yana da tsada, kuma nauyinsa na cikin abin da ke jawo tsadar. A 2023, da aka rufe iyakarmu da Benin, kaya masu yawa suka koma biyo hanyar Lome da Burkina Faso, kowane ɗan kasuwa ya ga yadda kuɗin dako ya hau. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan tsohon da ya riga ya shigo ƙasa: yadda ake gane na kirki, yadda ake tayar da shi, da irin adon da masu sana'armu za su iya yi masa ba tare da an ɓata wasan ba.

Ba duka ne iri ɗaya ba

Abu na farko, a san irin teburin da ake ciniki. Ainihin sinuka ta Ingilishi ce. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a garin Jabalpur na Indiya wajen 1875, teburinta yana kai ƙafa 12 a tsawo, ƙwallayenta 22. Samun irinsa a gidajenmu da wuya, domin sai ƙaton zaure. Wanda muka fi gani shi ne na Amurka, mai ƙwallo 16 har da farar, wanda ake yi a ƙafa 7 ko 8 ko 9. Filin wasan mai ƙafa 7 yana kusan santimita 198 da 99, na mai ƙafa 8 santimita 224 da 112, na mai ƙafa 9 kuma 254 da 127. A kowane, tsawo ya ninka faɗi sau biyu daidai. Akwai kuma ƙaramin na mashayar Ingila, wanda ƙwallayensa da ramukansa suka fi na Amurka ƙanƙanta.

Sai a yi hattara da na Faransa. Shi ba shi da rami ko ɗaya, da ƙwallo uku ake buga shi, kuma a haka aka ƙera shi. Wanda ya saye shi da niyyar kafinta ya huda masa ramuka ya sayi wahala, domin hudar sai ta ratsa dutse, gefunan kuma ba a yi su don rami ba.

Dutsen shi ne jarin

Ƙarƙashin yadin tebur na kirki akwai dutse. Shi ne wanda Faransawa ke kira arduwaz, irin wanda ake yin allon ƴan lakwal da shi a da. Ana haƙo shi a yankin Liguriya na Italiya da jihar Minas Jerais ta Barazil, da kuma Sin da Indiya, a yanka, a goge shi da inji har ya zama sumul. Kafin a fara amfani da shi da katako ake shimfiɗa teburin, katako kuwa yana lanƙwashewa. Wani maƙerin tebur na birnin Landan mai suna John Thurston ne ya shigo da dutse cikin sana'ar a 1826, kuma har yau a kansa ake buga manyan gasanni. Zafi ba ya lanƙwasa shi, gara ba ta cinsa, shekara hamsin ba ta rage masa komai muddin bai fashe ba.

A teburin Amurka dutsen yakan zo yanki uku. Kaurin na gasa santimita biyu da rabi ne, na gida wani lokaci bai cika biyu ba. Kowane yanki na mai ƙafa 8 yana kai kilo 70, watau kusan buhun siminti ɗaya da rabi, na mai ƙafa 9 kuma yana kai kilo 90. Teburin gaba ɗaya yakan kama daga kilo 300 zuwa sama da 400. Teburan da ake jefa musu kuɗi ƙwallaye su fito, su dutsensu yanki ɗaya ne.

Masu araha kuwa ba su da dutse. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka rufe da yadi. Yana sabo ba a gane bambancin da ido. Amma da zarar ya sha iskar damina sai ya kumbura, tsakiya ta lotsa, ƙwallo ta riƙa gangarawa gefe ɗaya. Irin wannan ba shi da gyara, ko an sa masa yadin da ya fi kowane tsada.

Gane su ba wuya. A durƙusa a leƙa ƙarƙashi da tocila: dutse toka-toka ne ko baƙi-baƙi, katakon matsi kuma ruwan ƙasa. A sa hannu cikin rami a taɓa bakin shimfiɗar, dutse yana da sanyi ko da rana tsaka. A ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa, dutse ba ya amsa kuwwa. Sannan a gwada ɗaga kusurwa ɗaya. In mutum guda ya ɗaga ta ba tare da nishi ba, to babu dutse a ciki.

Kafin a buɗe baki a taya

Kada a yi cinikin biri a sama. Tunda dai tsohon yadin za a cire shi, a roƙi mai kaya ya bari a ɗaga shi a ga fuskar dutsen. Ƙaramin ɓantare a baki ko ɗan rami ana cike shi. Tsagewar da ta ratsa yanki daga gefe zuwa gefe kuwa babbar magana ce: gwani na iya liƙe ta, amma dole kuɗin ya sauko ƙwarai. Kada kuma a yarda da zancen za a samo wani yanki a maye gurbin wanda ya fashe ko ya ɓata. Yankunan nan uku tare aka goge su a masana'anta, shi ya sa ake zana musu alama da ta ratsa dukansu. Na wani tebur ba ya zama daidai da su.

Bayan dutse sai gangar jiki. A girgiza teburin a ji ko yana rawa. A duba ƙafafu da manyan katakan da ke ɗauke da dutsen, a soka musu tsinin wuƙa. In ya shige kamar cikin burodi, ko ana ganin gari yana zuba daga ƙananan huji, ƙwaro ya riga mu. A ƙidaya katakan gefe, shida ne, a tabbata notukan da ke ɗaure su suna nan. A nemi ƙaramin farantin ƙarfe mai sunan kamfanin da ya ƙera shi. Sunaye irin su Brunswick, wanda aka kafa a Amurka a 1845, ko Thurston da Riley na Ingila, ko Chevillotte da Toulet da René Pierre na Faransa, suna ƙara wa tebur daraja ranar da za a sake sayarwa.

Akwai abin da mutane ke mantawa sai tebur ya iso ƙofar gida, watau awon ɗaki. Tsawon sandar wasa santimita 147 ne, kuma dole mai bugu ya sami wannan filin a kowane gefe. Ke nan mai ƙafa 7 yana son ɗaki mai kusan mita 5 da mita 4, mai ƙafa 8 mita 5 da santimita 20 a tsawo da mita 4 da santimita 10 a faɗi, mai ƙafa 9 kuma mita 5 da rabi da mita 4 da santimita 20. Yawancin ɗakunan kwananmu ba su kai haka ba. Daɓen kuma ya zama na siminti mai ƙwari. Wanda zai hau da shi bene ya fara tambayar maginin da ya san ginin.

Ɗauka sai an kwance

Yawancin teburan da suka lalace, a hanya suka lalace. Majiya ƙarfi takwas su taru su cicciɓe shi ɗungurungum su ɗora a kura ko a bayan mota, gangar jiki ta murɗe, ƙafa ta karye, dutse ya tsage a ƙarƙashin yadi ba wanda ya sani sai an je gida.

Ana farawa da kwance aljihunan ramuka, sannan notukan katakan gefe daga ƙasa. A sa wa kowane katako lamba da alli, a zuba notuka a gwangwani ɗaya, domin awonsu na inci ne a teburan Amurka da tsofaffin na Ingila, ba lalle a sami irinsu a kasuwa ba. Sai a cire yadi, a tono abin da aka toshe kawunan sukurori da shi, a kwance dutsen. A rubuta wa kowane yanki wurinsa: na kai, na tsakiya, na ƙafa. Ana ɗaukar dutse a tsaye bisa gefensa kamar yadda ake ɗaukar gilashi, mutum biyu ko uku, a jingina shi a mota da tsofaffin barguna ko katifa a tsakani. Wasu tsofaffin teburan suna da ƴan turakun ƙarfe da ke haɗa yanki da yanki. Irin waɗannan janye su ake yi a kwance har su rabu, in aka ɗaga ɗaya sama bakin dutsen zai ɓare.

Aikin kafinta

Tunda tebur yana kwance, wannan ne lokacin katako. Duk wanda ƙwaro ya ci a canza shi da busasshen katako mai ƙwari. A nan masu sana'armu ba su da matsala, kafintocin da ke aiki a kewayen kasuwar Katako ta Yamai ko babbar kasuwar Maraɗi suna yin abin da ya fi wannan wuya. Abin da za a nace a kai shi ne katakon ya bushe sarai, domin ɗanye zai janye da hunturu ya tafi da daidaiton dutsen. A shafa maganin gara na kanti a ciki da ƙasan ƙafafu. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa katakon rufi bai dace a nan ba, yana wari, kuma in ya taɓa yadi ba ya fita.

Kafin a kankare tsohon fenti a fara wanke katakon da tsumma mai ɗan laima da sabulu. Sau da yawa dauɗa ce kawai ta rufe shi. In sai an goge, a bi da sanfefa mai laushi ta inda zaren katakon ya bi, kuma da sauƙin hannu, domin tebura da yawa ɓawon katako mai tsada aka liƙa musu a sama, bai fi kaurin farce ba. Sannan a shafa berni sau biyu ko uku, ana bari kowane ya bushe. Wannan aiki ba na ranar da ƙura ta taso ba ne.

A kula da tsohon fenti mai kauri. Amurka ba ta hana sa dalma a fentin gida ba sai a 1978, kuma dukanmu mun ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. In za a kankare irin wannan fenti a yi shi a waje, a jiƙa shi da ruwa don kada ya tashi, mai aiki ya rufe hanci, a nisantar da yara da masu juna biyu, a kuma kwashe garin a binne nesa da rijiya da wurin girki.

Daidaita dutse, nan ne haƙuri

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A wannan aiki ba dafa shi za a yi ba, amma haƙurin ɗaya ne. A kafa gangar jikin a daidai wurin da teburin zai zauna, domin in an gama ba a sake ja. A daidaita ta da ma'aunin ruwa na magina, ana cusa siraran katako ko ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa. Sai a ɗora dutsen, na tsakiya da farko, a daidaita kowane yanki da ƴan tsinkayen katako tsakaninsa da gangar jiki. Inda abin ya rage ƙiris, gwanaye kan cusa katin karta ɗaya ko biyu.

Hukumar wasan ta duniya, WPA, ba ta yarda dutse ya kauce da fiye da rabin milimita a duk tsawon tebur ba. Ma'aunin magina ba ya ganin wannan, amma ƙwallo tana gani. A ɗora ɓallin gilashi a kan dutsen, a ajiye ƙwallo a bisansa. In ta gangara, can ne ƙasa. A yi haka a tsakiya da kusurwoyin kowane yanki. A kuma ja tsabar kuɗi ta ratsa mahaɗar yanki biyu, in ta yi tuntuɓe aiki bai ƙare ba.

Daga nan sai toshe mahaɗa da kawunan sukurori. A Turai da Amurka da yawa da kakin zuma suke yi. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62, amma tun kafin nan ya yi laushi. A ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano, kakin kan taso ya yi tudu ko ya ɓata yadi da maiƙo. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne mastik ɗin masu gyaran jikin mota. A shafa siriri, a kankare da reza tun bai gama ƙanƙarewa ba, a goge har yatsa ya daina jin mahaɗar.

Robar gefe

Roba ita ce abin da zafinmu ke fara kashewa. Tun farkon shigowarta wannan sana'a a 1835 take da wannan hali: da sanyi ta ƙage, da zafi ta saki, sai da Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a 1844 aka sami sauƙi. Duk da haka tana tsufa. A ƙasashen sanyi mai kyau kan yi shekara 20 ko fiye, a wurinmu kada a sa ran haka, musamman in rana na dukan tebur.

A danna ta da babban yatsa a zagaye teburin. In ta yi tauri kamar katako, ko ta lotsa ba ta dawo ba, ko ƙwallo ta buge ta aka ji "ɗum" ta tsaya, ta mutu. A tebur mai lafiya, ƙwallon da aka buga da ƙarfi takan yi tsawon tebur sau huɗu. In za a canza a canza duka shida. Roba iri-iri ce: yawancin teburan gida na Amurka suna ɗaukar wadda ake kira K-66, wasu kuma K-55, na Ingila siffarta dabam ce. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanki guntun tsohuwar a ba wanda zai yi saƙon ya tafi da shi. Robar taya ko ta silifa ba ta yin wannan aiki.

Ana liƙa ta da gam irin na masu gyaran takalmi, a shafa wa katako a shafa wa roba, a jira ya sha iska sannan a haɗa. Gam ɗin yana kama wuta, a yi nesa da murhu da taba. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne tsayin hancin robar, inda ƙwallo ke bugu. Faɗin ƙwallon Amurka milimita 57 ne, hancin kuma ya kamata ya tsaya a milimita 36 daga fuskar dutse. In ya yi ƙasa ƙwallo za ta riƙa tsalle, in ya yi sama za ta riƙa maƙalewa.

Yadi

Mata ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa yadi suna ya tara. Na wannan tebur ulu ne aka saƙa domin wannan aikin kaɗai. Kamfanin Iwan Simonis na garin Verviers a Beljiyam yana saƙa tun 1680, kuma yadinsa mai lamba 860, wanda aka fi bugawa a gasanni, kashi 90 cikin ɗari ulu ne, 10 nailan. Akwai masu rahusa da suka fi shi gashi, ƙwallo ba ta gudu sosai a kansu, amma sun isa wasan gida. Ana sayar da shi a yanke bisa girman tebur, babban falle ɗaya da ƙanana shida na gefe. Yadin kanti ko bargo ko karan-miski ba sa yi, suna miƙewa su yi tattara cikin mako guda. Araha ba ta ado.

Mai gyaran kujerun kushin shi ya fi dacewa da shimfiɗawa, domin ya saba da jan yadi da bindigar ƙusa. A share dutsen tsaf, ƙwayar yashi ɗaya in ta kwana a ƙasa sai ta huda yadin. A ja shi ta tsawo, a ja ta faɗi, har ya ɗaure kamar fatar kalangu. In dutsen yana da katako a ƙasansa sai a kafe da ƙusa, in babu sai a liƙa a bakin dutsen da gam, ban da saman filin wasa. Wurin ramuka ne ake gane gwani: a tsaga yadin kaɗan-kaɗan a naɗe ƙasa, kada tsagar ta hau sama inda ido zai gani.

Ado daga hannun namu

In an gama waɗannan, to mai tebur ya sake ya yi abin da ransa ke so. Kore dai al'ada ce, domin wasan daga filin ciyawa ya samo asali kafin ya hau tebur a Faransa a ƙarni na 15. Yanzu manyan gasanni da yawa a kan shuɗi ake yinsu, akwai kuma ja da toka da ruwan ƙasa. Baƙi da shuɗi mai duhu suna nuna ƙura da garin alli, ruwan ƙasa da toka sun fi ɓoye ta. A sayi alli mai launin yadin.

Aljihunan ramuka na tsofaffin tebura fata ne, kuma yawanci a bushe a tsattsage ake samunsu. A kai wa dukawan Damagaram ko na Tawa tsoho ɗaya su ga samfuri. Fatar sa mai kauri za ta ɗauki dukan ƙwallo a ciki, a waje kuma a lulluɓe da fatar jar akuyar Maraɗi, wadda sunanta ya kai har Turai, a yi mata zane da tuntaye. Sai dai a gaya musu kada rinin ya zama mai zuba, in ba haka ba ƙwallaye za su ɗauka su shafa wa yadi. Kada kuma su taɓa faɗin bakin ramin: na kusurwa wajen santimita 11 da rabi ne, na tsakiya wajen 13.

A kan katakan gefe na teburin Amurka akwai ƴan ɗigo-ɗigo da masu wasa ke auna bugu da su. Sun raba tsawo kashi takwas, faɗi kashi huɗu. In wasu sun faɗi, maƙeran farin ƙarfe za su iya yin sababbi da tagulla ko azurfa, a dasa su a ramukansu na asali, su yi daidai da fuskar katako. Masu sassaƙa na iya yin dagi a jikin ƙafafu ko allunan gefe, muddin ba su rage wa katakon da ke ɗauke da nauyi ƙarfi ba. Farantin sunan kamfani kuwa a goge shi a mayar wurinsa. Fitila a rataye ta a tsakiya, kamar mita ɗaya daga yadi, doguwa wadda za ta haske kusurwoyi. Mafi amfanin ƙari duka shi ne marufi: leda mai kauri ko tamfol da tela zai ɗinka, ko faifan katako yanki biyu ko uku wanda zai mai da shi teburin ajiye kaya marasa nauyi.

Ƙwallaye ma a duba su. Masu ɓantare suna yanka yadi. Waɗanda aka fi yarda da su su ne Aramith na kamfanin Saluc a Beljiyam. In aka ci karo da tsofaffi na hauren giwa, irin na zamanin da, a sani an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kada a tsallaka iyaka da su.

Lissafi da kulawa

Kafin a biya ko dala, a zauna a yi lissafi kamar na kowace haja: kuɗin teburin, dako, yadi, roba, ƙwallaye da sanduna, ladan kafinta da na mai shimfiɗa. Yadi da roba daga waje suke zuwa, a tambayi kuɗinsu tun kafin a taya. Kowane aibi da aka gani a cire kuɗin gyaransa daga tayin. In kuɗi ba su isa a yi komai lokaci ɗaya ba, a bi wannan jeri: katako, daidaita dutse, roba, yadi. Berni da fata da tagulla suna iya jiran wata kasuwar.

Bayan an gama, kulawar ba ta da yawa amma ta kullum ce. A share yadi da buroshi mai laushi ta fuska ɗaya, ba a wanke shi da ruwa. A rufe shi duk lokacin da ba a wasa, domin ƙurar hunturu tana cin ulu kamar sanfefa. Kada a zauna a kan gefe, roba za ta ɓalle. Kada a ɗora kofin shayi ko kwanon abinci. A ƙarshen damina da tsakiyar hunturu a sake ɗaure notuka, a gwada ƙwallo a ga ko ta fara gangara.

Ga masu sa shi haya, mai cinye jarin ba gara ba ce, caca ce. Inda aka bari ana ɗora kuɗi a kan wasa, faɗa na biyo baya, sanda ta karye, yadi ya yage, maƙwabta su kai ƙara, iyaye su hana ƴaƴansu zuwa. A kafa doka tun ranar farko: babu caca, babu ƴan lakwal a lokacin karatu, a rufe in an kira salla, a kuma tashi da wuri da dare. Wanda ya tsare wannan, kuma dutsensa lafiyayye ne, yadi da roba kawai zai riƙa canzawa, teburin kuwa har ƴaƴansa su gada. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa albarka a nema.